Kuɗin Bindiga da Kuɗin Alli



Yau dai za mu ajiye zancen girki da renon jarirai mu taɓa zancen kuɗi, kuɗin gwamnati, watau kuɗinmu ke nan. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da kasafin kuɗi, ai wannan hirar maza ce ta gindin darbejiya. To, 'yar'uwa, idan an raba kuɗin nan an ƙare, ke ce mai zuwa asibiti da goyo ki tarar babu magani, ke ce kuma mai kwana ido biyu idan kare ya yi haushi a bayan gari. Saboda haka ruwanki ne ƙwarai da gaske.

Abin da ya jawo maganar kuwa, wata gardama ce da ta tashi a ofishin malamai na makarantar da nake koyarwa a nan ƙasar Daura. Da damina iska ta yaye mana rufin aji biyu, yara suka koma gindin itace, kullum hadari ya haɗo sai a tashe su. Ana cikin haka sai aka nuna a talabijin an jera sababbin motocin sintiri za a raba wa jami'an tsaro. Da aka tashi tara, sai wata malama ta ce, "Wallahi kuɗin mota ɗaya daga cikin motocin nan ya isa ya rufe mana azuzuwan nan har a sami canjin sayen alli da benci. Kullum tsaro, kullum tsaro, sai ka ce mu ba mutane ba ne."

Kafin ta rufe baki wata abokiyar aikinmu ta ajiye kofin shayinta. Ita aure ne ya kawo ta Daura, amma iyayenta suna can yammacin jiha, wajen bakin dajin Rugu. Ta ce, "Yaya, kina wannan magana ne don kina kwana da ƙofa a buɗe lokacin zafi. Mahaifina ya yi damina uku bai taka babbar gonarsa ba. Ina amfanin rufin aji idan za a zo a kwashe yaran da ke ƙarƙashinsa? Ni da za a tambaye ni, a haɗa har da albashina a sayi motocin."

Ofis ya yi tsit. Sai muka ji murya daga bakin ƙofa. Ashe Bafillatanar da ke kawo mana fura da nono tana durƙushe tana damu, tana jin duk abin da ake faɗi. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Malama, mu dai idan muka hango irin motocin nan sun doso ruga, yaranmu maza daji suke shiga, ko da kuwa ba su ɗauki allurar kowa ba."

Na daɗe ina juya maganganun nan uku a raina, kuma har yanzu ban ga wadda ta yi ƙarya ko wauta a cikinsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Tambaya ɗaya ce aka yi, a rage wa bindiga a ƙara wa alli ko kuwa, amma amsar kowacce ta fito ne daga inda take kwana da kuma irin kallon da mai bindiga yake yi wa ɗanta.

Wannan gardama ba a ofishinmu aka fara ta ba. Ran 25 ga Mayu, 2020, a birnin Miniyapolis na ƙasar Amurka, wani ɗan sanda farar fata ya danne wuyan wani baƙar fata mai suna George Floyd da gwiwarsa fiye da minti 9, har rai ya yi halinsa. Wata yarinya 'yar shekara 17 ce ta tsaya ta ɗauki abin da wayarta, duniya ta gani, kuma daga baya kotu ta ɗaure ɗan sandan. Ku 'yanmatan makaranta ku lura da wannan, sa'arku ce. Daga nan ƙasar ta rikice da zanga-zanga, aka fito da kira cewa a zabge kuɗin da ake ba 'yan sanda a zuba su a makarantu da gidajen talakawa da kula da masu taɓin hankali da 'yan ƙwaya, tun da rashin waɗannan abubuwa ne yake haifar da yawancin laifin da ake kiran ɗan sanda a kansa.

A cikin wannan shekara wata cibiyar jin ra'ayin jama'a mai suna Gallup ta bi mutane tana tambaya. Kashi 70 cikin 100 na baƙar fata suka ce sun yarda a rage kuɗin 'yan sanda a mayar ga ayyukan jin daɗin jama'a, amma a cikin farar fata kashi 41 ne kaɗai suka yarda. Wannan ba abin mamaki ba ne, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin da ya sa na yi tsam shi ne tambaya ta biyu. Da aka ce da baƙar fatar nan ko suna so 'yan sanda su rage zuwa unguwanninsu, kashi 81 cikin 100 suka ce a'a, a bar su yadda suke ko ma a ƙaro. A watan Nuwamba na 2021 kuma aka kaɗa ƙuri'a a Miniyapolis ɗin kanta a kan a rushe hukumar 'yan sandan birnin a kafa wata sabuwa a madadinta, kashi 56 cikin 100 suka ƙi.

Wani zai ce mutanen nan ba su san abin da suke so ba. Ni kuwa a matsayina na mace na gane su sarai. Uwa tana so idan ɓarawo ya haura mata ta yi kira a zo, tana so idan ɗanta ya fita saye kada a dawo mata da gawarsa don kawai launin jikinsa, tana kuma so a gyara makarantar unguwa. Ina cin karo a nan? Masu surutu a rediyo ne suke tilasta mata ta zaɓi ɗaya.

Mu dawo gida. A watan Yuni na 2020, daidai lokacin da Amurkawa suke kan titi suna cewa a rage 'yan sanda, mutanen 'Yantumaki sun tare hanya, matasa kuma suka yi jerin gwano a birnin Katsina, suna kukan an bar su babu mai tsaronsu. Bayan wata huɗu, a Oktoba, sai samarin Legas da sauran garuruwan Kudu suka tashi a kan rundunar SARS, saboda kame da duka da kisan da suka ce tana yi musu, har aka rushe ta ran 11 ga watan. Gwamnonin Arewa kuwa suka fito suka ce su gyara suke so a yi mata, don tana da amfani a yankinsu. Aka yi ta jifan juna da baƙaƙen maganganu. Wanda ya ce 'yan Legas iskanci ne ya dame su bai san abin da iyayensu mata suka gani ba, wanda kuma ya ce mutanen Arewa 'yan amshin shatan gwamnati ne bai taɓa kwana ɗaya a Faskari ba.

To, amma inda maganar ta fi ciwo shi ne tsakaninmu ya-mu-ya-mu, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Mu ba mu da baƙi da fari, amma muna da Bahaushe da Bafillace, muna da ɗan gari da ɗan ruga. Babu mai musun cewa da yawa daga cikin 'yan bindigar da suka addabi Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara samarin Fulani ne, kuma abin da suka yi wa mata da yara da manoma ba shi da uzuri ko kaɗan, Allah ya isar wa waɗanda aka zalunta. Sai dai babu mai musun cewa da 'yan gari a cikin cinikin, masu kai musu rahoto da man fetur da burodi. Kuma kafin a fara satar mutane shanu aka fara sata, shanun kuwa akasari na Fulani ne. Mutum ya wayi gari garken da ya gada tun kaka da kakanni babu ko maraƙi, ya kai ƙara bai ga komai ba. Da ƙauyuka suka gaji suka kafa 'yan sa-kai, sai wasunsu suka shiga yin kuɗin goro, duk wanda aka gani da sanda da malfa a kasuwa ya zama abin tuhuma, wani ma ba ya komawa gida. Abin ya kai har gwamnonin wannan yanki suka haramta ayyukan 'yan sa-kai a 2019. Saboda haka idan an ce za a ƙara kuɗin tsaro, matar manomi tana jin an ce za ta koma gona, matar makiyayi kuwa gabanta ne yake faɗuwa.

Idan wata ta ga kamar tsoron Inna mai nono shagwaɓa ce, ta tuna da Uromi. A watan Maris na 2025 'yan banga a wannan gari na Jihar Edo suka tare wata mota ɗauke da mafarauta 'yan Arewa masu komawa gida yin Salla, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Wace ce a cikinmu ba ta zubar da hawaye ba? Me muka ce a lokacin? Cewa muka yi an kashe su ne don harshensu da kamanninsu, ba a tsaya an bincika ba. To, abin da muka ji a ranmu ran nan, shi ne abin da wata take ji a rugar da ke bayan garinmu, shekara da shekaru. Mu mutanen Daura ma bai kamata a koya mana wannan karatu ba. Ƙasarmu ta ga zamanin da sarautar Haɓe ta koma Zango da Ɓaure bayan jihadi, ta kuma ga dawowarta a farkon zamanin Turawa, ga shi yau da wuya ki sami gidan da babu jinin ɓangarorin nan biyu a cikinsa.

Yanzu sai ku ce, to Malama, ke ina kika tsaya? Zan faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Ban goyi bayan a taɓa ko sisin kwabo daga abin da ake kashewa wajen tsaron ƙauye da hanya da makaranta ba. Mu da ke Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Ɓaure Allah ya yi mana sauƙi, ba wayonmu ba ne, kuma rashin kunya ne mu zauna cikin inuwa mu ce wa na rana ya yi haƙuri. Sauƙin ma ba mu da takardar shaidar dawwamarsa. Ran 1 ga Mayu, 2019, har ƙofar gidansa a cikin garin Daura aka zo aka ɗauki Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar, sai da ya yi wata biyu kafin a kuɓutar da shi a Kano. Ran 11 ga Disamba, 2020, ranar da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya iso Daura hutu, a daren aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Me ya biyo baya? Aka rufe makarantun kwana na jiha. Yara maza da yawa sun koma da aka buɗe, amma kowace malama ta san 'yanmatan da daga wannan hutu sai ɗakin miji. Rashin tsaro mu yake fara ci, mu mata, kuma karatunmu yake fara kashewa. Don haka lokacin da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha a Oktoba 2023, da matasa kusan 1,500, ban ga laifin niyyar ba. Abin da nake roƙo shi ne a riƙa ɗaukar 'ya'yan kowa a ciki, na gari da na ruga, wanda kuma ya taɓa marar laifi a hukunta shi a bainar jama'a, kada a wayi gari an ɗinka wa tsohuwar gaba sabon kaki.

Amma fa ba duk abin da aka rubuta wa suna tsaro ne yake tsaron talaka ba, kuma a nan ne Yayarmu mai kukan rufin aji take da gaskiya. Ku dubi bikin manya. Ɗan sanda riƙe da jakar Hajiya, wani riƙe da lema, wasu huɗu a ƙofa suna korar almajirai, alhali akwai gundumar da za ki yi tafiyar sa'a guda a kan babur ba ki ga ofishin 'yan sanda ba. A watan Nuwamba na 2025, bayan sace 'yanmata 25 a makarantar Maga ta Jihar Kebbi da kuma ɗaliban Papiri a Jihar Neja, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurni a janye 'yan sanda daga gadin manyan mutane. Ba shi ne na farko da ya ba da irin wannan umurni ba, shi ya sa muke cewa gani ya kori ji. Sai kuma kuɗin nan na musamman da ake ware wa shugabanni da sunan tsaro, wanda ba a bayyana wa jama'a yadda aka kashe shi. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa irin wannan kuɗi a Nijeriya ya kai dala miliyan 670 a shekara. Ke uwargida, idan maigida ya ba ki kuɗin cefane, da yamma ai kina iya faɗin na gishiri da na daddawa. Don me za a ce wannan kuɗi shi kaɗai ba a tambayarsa? Idan za a rage wani abu a mayar ga alli da magani, to daga nan ya kamata a fara, ba daga man motar da ke sintiri a hanyar Batsari ba.

Akwai kuma abin da mu malamai muka fi kowa sani. Yaron da yake riƙe da bindiga a daji yau, shekara goma da suka wuce ɗan shekara takwas ne, kuma babu wanda ya taɓa kiran sunansa a rajista. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, tun 1989 aka kafa hukumar ilmin 'ya'yan makiyaya, iyayensu kuma sun yi zamani suna biyan jangali. Ku je ku duba burtalin da aka nome, da mashayar da ta ƙafe, da makarantar ruga mai ɗaki ɗaya wadda awaki suka gaje. Haka nan ɗan manomin da ya gama firamare bai iya rubuta sunansa ba, shi ne ake ba 'yan kuɗi kaɗan ya nuna gidan da za a shiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuɗin malami da rijiyar burtsatse da allurar shanu da unguwarzoma, su ma kuɗin tsaro ne, sai dai ba sa jiniya, ba a kuma jera su a nuna a talabijin, amfaninsu sai bayan mai mulki ya sauka ake ganinsa. Ina jin shi ya sa ba su da farin jini.

Kakata takan ba mu labarin 'yan doka na zamanin En'e, kafin a haɗe su da 'yan sandan Nijeriya bayan juyin mulkin 1966. Takan ce ɗan doka ya san kowa a gari, ɓarawo ba ya kwana biyu bai shiga hannu ba, sa'an nan ta rage murya ta ce amma idan gidanku ba ya jam'iyyar masu mulki, sanin nan da ya yi muku shi ne masifarku. Na kawo wannan ne saboda an daɗe ana maganar a ba kowace jiha 'yan sandanta. Duk yadda aka yi da wannan magana, a tuna da rabin zancen kakata na biyu.

Abin da nake so daga gare ku ba mai yawa ba ne. Kwamitin kula da makaranta yana da kujerar mata, haka taron iyaye da malamai, amma sau da yawa sai a ga kujerun babu kowa, ko kuwa an zo an yi shiru har a shafa fatiha. Ku nemi izinin mazanku ku je. Idan kansila ko ɗan majalisa ya aiko da atamfa da sabulu lokacin zaɓe, ku karɓi sallamarsa ku tambaye shi nawa aka ware wa makarantar mazaɓarku bana, nawa aka ware wa asibiti, 'yan sanda nawa ne kuma suke kwana a gundumar. Wadda ba ta iya fita ta sa 'yarta ta rubuta. Ku kuma 'yanmata, na sha jin wasunku a filin wasa suna kiran 'yar ajinsu da sunan ɓarayin daji don kawai Hausarta ba ta nuna ba. A ajina dai wannan bulala ce, kuma ba na karɓar ban haƙuri a kanta.

Ran nan da Inna mai nono ta gama damu na bi ta har bakin ƙofar makaranta. Tana tafe da wata 'yarta mai kamar shekara bakwai, wadda kullum idan sun zo takan tsaya jikin taga tana leƙen allo. Na ce, "Inna, ki bar mini yarinyar nan mana, ko zuwa azahar ne." Ta yi dariya ta ce wa zai riƙe mata ƙaramar ƙwarya, kuma hanyar da nisa, ga mutane yanzu ba su da tabbas. Na ce ta riƙa zuwa da ita ta koma da ita, littafi da fensir ni zan saya. Ta ce sai ta shawarci malam, watau mijinta, wanda ya tafi da sauran shanu wajen Damagaram, sai kaka zai dawo. Na rubuta sunan yarinyar da fensir a ƙarshen rajista, na kuma ce wa 'yan bencin gaba su matsa su bar wurin mutum ɗaya.